Alƙali Ba Zai Hau Shinge Ba

Shekarar da ruwa ya ɗauke a kwarin Buckeye, can cikin duwatsun jihar Kentucky, sai da aka rataye macizai huɗu a shingayen mutane kafin wani ya ambaci na Zelma Begley.

Al'ada ce da aka gada. In fari ya yi tsawo, akan kashe baƙin maciji a rataye shi bisa shinge, cikinsa na kallon sama, a bar shi nan har ruwa ya sauko. Ba wanda ya san mafarinta. Fasto bai taɓa sa ta cikin wa'azi ba, bai kuma taɓa hana kowa ba. A wannan shekarar an rataye, an zuba ido, macizan suka bushe suka koma kamar tsohuwar igiyar ɗaure alfadari, sama kuwa tana nan fara fat kamar kwanon da aka wanke aka kife. Masara ta naɗe ganye. Rafin da ake wanki ya zama hanyar duwatsu.

Zelma ta ba hamsin baya, doguwa ce marar jiki, ba ta da yawan magana sai in an taɓo ta. Mijinta Hobart ya rasu a ramin haƙar kwal, ƙasa ta rufto musu shi da abokan aikinsa, 'yarta tilo kuma ta yi aure ta bi miji wani gari mai nisa. Da kakar da aka binne Hobart, ɓeraye suka mayar da rumbun masararta kasuwa. Wata safiya ta buɗe ƙofar rumbun da fartanya a hannu, ta tarar da baƙin maciji miƙe a kan katakon da ya ratsa rufi, da ƙullutu a tsakiyar cikinsa, alamar ya riga ya karya kumallo. Ya dube ta, ta dube shi. Ta jingine fartanyar.

Ta sa masa suna Alƙali, saboda baƙar rigarsa da ɗan farin da ke maƙogwaronsa, da yadda ba ya gaggawa, sannan duk ɓeran da ya gurfana gabansa ba ya ɗaukaka ƙara. Kowa a kwarin ya san irinsa ba su da dafi, mutane da yawa ma kan bar su a rumbu su yi musu gadi. Amma na Zelma ya wuce gadi. Yakan bi ta wata kafa a gindin murhu ya shigo ɗakin girki, ya hau bayan kujera ya kwanta, tana kwaɓa garin masara yana nan. Da hunturu yakan shige ƙarƙashin katakon ɗaki kusa da duwatsun murhu, ba a ƙara ganinsa sai sanyi ya wuce. Ran Asabar takan ba shi ƙwai ɗaya. In ta miƙa hannu yakan nannaɗe shi a hankali har kafaɗa, harshensa na taɓa kunnenta, ita kuwa tana ba shi labarin abin da kaji suka yi da abin da aka faɗa a coci. Shekara da shekaru suna haka, har ya fi dogon namiji tsawo, kaurinsa ya kai wuyan hannunta. Mutane kan ce kaɗaici ya taɓa matar Hobart, amma da dariya suke faɗa.

Arvil, ƙanin Hobart, shi ya kawo mata maganar. Rijiyarsa ta ƙafe, don haka kullum da hantsi yakan zo da alfadari da duro biyu a amalanke, ya ɗebi ruwa a idon ruwan da ke bayan gidanta, wanda har lokacin yake tsatsowa daga ƙarƙashin dutse. Ran nan ya same ta tana shanya wake a baranda.

"Matar yaya, ina mijin naki? Ban gan shi yana shan hantsi ba."

"Yana ciki yana shari'a. Ƙara ka kawo?"

"Ni wa? Ai ban kai matsayin ɓera ba a gidan nan. Shi a ba shi ƙwai, ni ko kofi ba a yi mini tayi."

"Shi sai ya yi aiki yake ci."

Arvil ya yi dariya, amma iyakarta haƙora. Ya kwance alfadarin, ya kafa guga a bakin dutse, ya tsaya yana kallon ruwan na zuba siriri kamar zare.

"Jiya an yi magana a shagon Kawu Lonzo," in ji shi, bai juyo ba.

"Kullum ana magana a shagon Kawu Lonzo. Ita ya fi sayarwa."

"An ce waɗanda aka rataye ƙanana ne, sama ba ta ma gan su ba. Kawu ya ce a zamanin babansa haka aka yi ta fama, sai da aka samu wanda ya fi mutum tsawo aka rataye, kafin yamma aka yi ruwan da ya tafi da gada."

"To a je a nemo irinsa."

"An nema. Zafi ya kora su cikin ramuka. Duk kwarin nan babba ɗaya ya rage, kowa kuma ya san inda yake kwana."

Zelma ta ci gaba da baza wake da tafin hannu. "Cika duronka, Arvil."

Ya tako har gindin baranda, ya cire hularsa, abin da ba ya yi mata sai a coci. Ya faɗa mata yadda tabarsa ta fara rawaya daga ƙasa tana hawa, yadda saniyarsa ta daina ba da madarar kirki, yadda yara shida ke zuba masa ido in an zauna cin abinci. Ya ce in tabar nan ta ƙone, ba shi da abin da zai riƙe su da hunturu, sai dai ya kwashe su ya tafi jihar Ohio aikin masana'anta, ya bar gonar da babansu ya sare da gatari. Duk wannan Zelma ta sani. Ita ta karɓi haihuwar uku daga cikin yaran nan.

"Ko kin ɗauka maganar rataye macijin ƙarya ce?" ya tambaye ta. "Kin koma irin 'yan birni?"

Ba ta ɗauka ƙarya ce ba. Tana yarinya babanta ya taɓa rataye wani a shingen bakin hanya, kuma suna tsakiyar cin abincin yamma ruwa ya kece. Har yanzu in ta tuna takan ji ƙanshin ƙasar a hancinta.

"Ban ce ƙarya ce ba. Na ga babana ya yi, na kuma ga ruwa."

"To?"

"To ban bayar ba."

"Maciji fa, Zelma. Abu mai jan ciki. In ya mutu gobe wani zai shiga rumbun."

"Kai ma in ka mutu gobe wani zai noma gonar. Sai a rataye ka?"

Ya mayar da hularsa. "Sabo turken wawa," ya ce, ya koma wurin alfadarinsa. Ya cika duronsa biyu, ya tafi ba sallama.

Ƙarar amalanken na ɓacewa ta nufi rumbu. Tunaninta ɗaya ne: ta sa shi a buhu ta hau da shi can saman dutse, inda ba mai zuwa, ta sake shi har maganar ta lafa. Ta same shi a kusurwa, ya dunƙule bayan tarin ɓawon masara, bai ɗago ba da ta kira shi. Ta durƙusa ta duba. Baƙinsa ya dusashe kamar an barbaɗa masa toka, idanunsa sun yi fari-fari kamar an ɗiga musu madara. Saɓa zai yi. A irin waɗannan kwanaki ba ya gani sosai, ba ya ci, ba ya iya gudu, ko ita ma ba ya son ta taɓa shi. In ta kai shi saman dutse a haka, ta kai wa shaho da dila abinci ne.

"Kai ma ba ka iya zaɓen lokaci ba," ta ce masa.

Ta jiƙa tsohon buhu, ta shimfiɗa a kwandon wanki, ta ɗauke shi a hankali ta sa a ciki, ta kai shi ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado.

Ran Lahadi a coci an yi addu'ar ruwa har muryar Fasto ta dushe. Ba wanda ya ambaci maciji, amma da aka tashi, matan da suka saba tsayawa su tambaye ta kaji da ciwon gwiwa, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Oma, matar Arvil, ita kaɗai ta bi ta a hanya. Gajeriya ce mai sanyin murya, tun tana amarya Zelma ce ta koya mata dafa wake da yadda ake shanya tuffa.

"Yaya Zelma, gobe za su zo."

"Su wa?"

"Shi da Kawu Lonzo da wasu. Ya ce kar in faɗa miki." Suka ci gaba da tafiya, ƙura na bin ƙafarsu. "Ni ban san ko yana kawo ruwa ko ba ya kawowa ba. Amma mutumin nan ba ya barci. Yakan kwana yana zagaya gona kamar mai jinya. In aka rataye ruwa bai zo ba, ko ba komai zai ce ya yi iyakar yinsa. Ki ba shi wannan ɗin, Yaya. Don Allah."

Wannan roƙon ya fi na Arvil nauyi a wurin Zelma. Ta tsaya a inda hanyarsu ta rabu, ta daɗe tana kallon kan takalminta.

"Oma, tun da aka fito da Hobart daga ramin nan, wa ya kwana gidana? Wa ke nan in na tashi, wa ke nan in na kwanta? Ba ƙorafi nake ba, kowa da hidimarsa. Amma abin da ya zauna da ni ya amince da hannuna, ba zan ɗauke shi da hannun nan in miƙa a sare ba, don wani ya samu barci."

"Ko da yaran za su tashi a Ohio?"

Zelma ta juya ta fuskanci hanyar gidanta. Oma ta goge ido da gefen mayafinta ta bi hanyar gida.

Washegari rana ta ɗaga suka iso, su huɗu. Arvil a gaba da fartanya, Kawu Lonzo na bin sa da sandarsa da taba cike da kunci, sai maƙwabta biyu daga ƙasan kwari, kowa da abin sara. Zelma na zaune a baranda tana ɓare wake a cinya. Ba su gaishe ta ba sai da suka fara shiga rumbu. Tana jin su suna ture-ture, suna dukan bango, suna zazzage buhuna. Suka fito da ɓawon masara a gashinsu, suka zo suka tsaya a tsakar gida, don a kwarin nan namiji ba ya taka ɗakin mace sai an ce masa ya shigo.

"'Yar'uwa Zelma, barka da hantsi," in ji Kawu Lonzo. Ya tofar da ruwan taba gefe.

"Barka kadai, Kawu. Kun gyara mini rumbun? Da kun faɗa da na ba ku tsintsiya."

"Bakinki dai bai ƙafe ba, ko da rafi ya ƙafe."

"Naka ma haka. Wa ka bar wa shagon? Kar gulma ta yi kwantai."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi dariya, ya haɗiye ta da Arvil ya harare shi. Kawu Lonzo ya dogara da sandarsa, ya sassauta murya irin ta masu neman aure.

"Ba faɗa ya kawo mu ba, 'yata. Jama'a ce ke cikin wahala. Ke mai tsoron Allah ce, mijinki mutumin kirki ne, da yana nan da kansa zai ɗauko mana. Da kaka ni da kaina zan nemo miki wani, har biyu in kina so."

"Hobart yana inda yake, kar ka sa masa magana a baki. In tsawo ake nema, Kawu, ai harshenka ya fi Alƙali. A rataye shi mu gani."

"Ya isa," in ji Arvil. Ya ɗora ƙafa a matakalar farko. "Yana cikin ɗaki. Gidan yayana ne, ba sai an ce in shiga ba."

Ta dube shi ta ga da gaske yake. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage, ba Arvil ɗin da ke tsokanarta ba ne. Bindigar Hobart na rataye a saman ƙofa, hannunta zai kai, amma ta san in ta sauko da ita, ko dai ta harbi uban yara shida ko kuma a gane ba za ta harba ba, duka biyun kuwa asara ce. In kuma ya shiga, kwandon ba zai ɓoyu ba.

"Tsaya nan," ta ce. "Ni zan fito da shi."

Ta juye waken a kwano ta shiga. A waje mazan suka dubi juna, Kawu Lonzo ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama ciniki.

Ta fito da shi a wuyanta. Ta naɗa shi sau biyu a kafaɗunta kamar gyale, kansa a tafin hannunta na hagu daf da haɓarta, wutsiyarsa na reto har gwiwa. Ta sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, Arvil na ja da baya, har ta tsaya a tsakiyarsu cikin rana.

"Ga shi. Mai sara ya sara."

Ba wanda ya motsa. Ba inda fartanya za ta sauka a jikin macijin ba ta sauka a jikinta ba.

"Sauke shi ƙasa, Zelma."

"Ba ka ce in sauke ba ɗazu, ka ce yana ɗaki. To ga shi a waje. Shingen ma ga shi can, in ka gama ka rataye mu tare, ka ga an samu tsawo biyu."

"Kar ki mai da ni abin dariya gaban mutane."

"Kai ka kawo mutanen."

Alƙali ya ji baƙin motsi ta ko'ina, ga rana, ga shi ba ya gani. Ya ƙara matse kafaɗunta, wutsiyarsa ta fara kaɗawa da sauri tana bugun rigarta. Zelma ta rage murya tana yi masa magana a hankali, irin wadda ake yi wa jariri mai zazzaɓi.

"Kamo wutsiyar ka fizge," in ji Kawu Lonzo daga baya. "Ai ba cizo yake ba, kamar kyanwa ta mai da shi."

Arvil ya yar da fartanyar, ya kai hannu biyu ya damƙi wutsiyar ya ja. Macijin ya saki ɗoyin nan da suke saki in sun tsorata, ya gantsare, ya kai sara ga abin da ya fi kusa da bakinsa. Hannun Zelma ne, ƙasa da gwiwar hannu. Haƙoransa ƙanana ne amma sun lanƙwasa ciki kamar ƙugiya, suka shige suka riƙe. Jini ya fito a jere, ya haɗu, ya gangaro ta yatsunta yana ɗiga a ƙura.

Maƙwabtan biyu suka ja da baya. Zelma ta cije leɓe, gumi ya keto mata a goshi, amma ba ta fizge hannun ba, ba ta kuma sake shi ba. Ɗaya hannun ta sa ta tallafi wuyansa.

"Kin gani?" in ji Arvil, wutsiyar na hannunsa. "Abin da kike karewa ke nan. Ga ladanki."

"Shi ba ya gani ne," ta ce. "Kai kana gani."

Ya tsaya riƙe da wutsiyar. In ya ƙara ja, naman hannunta zai tafi da haƙoran, kowa a wurin ya san haka. Kawu Lonzo ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi jinin, ya mai da bakinsa ga tabarsa. Kaji suka zo suna leƙen ɗigon da ke ƙasa. Zelma kuwa da macijin take magana, tana shafa bayan kansa da babban yatsa, tana ce masa ita ce, ita ce, ba kowa.

Arvil ya buɗe hannunsa. Wutsiyar ta faɗo ta nannaɗe ƙugunta. Can an jima Alƙali ya sassauta muƙamuƙinsa, ya zare haƙoransa gefe ɗaya sannan ɗayan, ya tura kansa cikin hammatarta ya ɓuya.

Arvil ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa. Ya goge tafinsa a wando, ya sake gogewa, ɗoyin bai fita ba.

"In tabata ta ƙone, alhakin yarana a wuyanki."

"Ɗora. Wuyan ya saba da kaya."

"Ba ni ba ruwan gidan nan kuma."

"Ruwan ba nawa ba ne, na dutse ne. Wanda ya ji ƙishi ya san hanya."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kawu Lonzo ne na ƙarshe, yana tafe yana faɗa wa sandarsa cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wanda ya hana ruwa kuwa Allah kaɗai ya san abin da zai doke shi. Zelma ta jira har suka sha kwana, sannan ta zauna a matakala. Ta daɗe a nan kafin ta iya tashi ta mayar da shi kwando, ta ƙara jiƙa masa buhun.

Da la'asar Oma ta zo da guga biyu a hannu, ba alfadari. Ta ajiye su a bakin dutse, ta hau baranda, ta kama hannun Zelma ta kwance tsumman da ke ɗaure a kan cizon. Ta dafa ruwa da gishiri ta wanke, ta ɗiga kananzir, ta yage gefen tsohon zanen gado ta sake ɗaurewa. Hannunta ba taushi yau.

"Ya ce in ruwa bai zo ba zuwa ƙarshen wata, mun tafi."

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kike so in ce, Oma? In ce ban ji zafi ba? Na ji. Ya fi wannan." Ta ɗaga hannun da aka ɗaure. "In aka dawo gobe, abin da na yi yau shi zan yi."

Oma ta ɗaure bakin tsumman da ƙarfi, ta sauka ta ɗauki gugunanta. Haka ta riƙa zuwa kullum da ƙafa, ta ɗiba ta tafi, gaisuwa kawai.

Ruwa bai zo ba a makon, bai zo ba a na bayansa. Alƙali ya yi saɓarsa a ƙarƙashin gado, ya fito baƙi wul yana sheƙi, ya koma rumbu da yunwarsa. Tabar Arvil ta ƙone har sama. Ya sayar da saniya da alfadari, ya ƙulle gidan da aka haife shi, wata babbar mota ta kwashe su da katifu da tukwane. Motar ta bi ta ƙofar Zelma, don hanyar fita kwarin ɗaya ce. Yaran suka ɗaga mata hannu. Arvil yana kallon gaba.

Bayan tafiyarsu aka yi ruwa, mai yawa, irin wanda ba ya tayar da abin da ya riga ya mutu. A shagon Kawu Lonzo aka yanke cewa da an rataye tun farko, da wannan ruwan ne zai zo da wuri, kuma ba wanda ya musa.

Lahadin da ta biyo baya Zelma ta sa rigarta ta zuwa coci, ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, tabon haƙoran a fili, layi biyu masu lanƙwasa. Ta zauna a bencin da ta saba. Matar da ke gefen dama ta matsa, ta gefen hagu ta tashi ta koma baya, benci mai cin mutum takwas ya zama nata ita kaɗai. Aka yi waƙa, aka yi godiyar ruwa. Daga nan Fasto ya rufe littafinsa, ya ce kamar yadda aka saba, in akwai wanda ke ɗauke da wani nauyi a zuciya, wanda ya san ya saɓa wa ɗan'uwansa, to ga jama'ar Allah, ya tashi ya sauke a yafe masa. Bai kira suna ba. Bai kuma dubi kowa ba sai ita.

Cocin ya yi tsit, har ana jin ɗigon ruwa daga rufin kwano. Zelma ta dafa bencin gabanta ta miƙe. Wuyoyi suka juyo. Kawu Lonzo ya sa hannu a bayan kunne.

"Ina roƙon a sa Arvil da Oma da yaransu a addu'a," ta ce. "Allah ya ba shi aiki mai albarka, ya sa su samu maƙwabtan kirki."

"Amin," in ji Fasto. Ya jira. Jama'a suka jira tare da shi.

"Akwai ƙari, 'yar'uwa Zelma?"

"Babu."

Ta zauna, ta gyara hularta, ta buɗe littafin waƙa tana neman shafin da za a rera na gaba.